Turken Baƙo

Da hantsi na kwance igiya a ƙasan Goronyo,
buhun albasa goma sha ɗaya, ni da ɗan wana Nomau.
Rima ta rame, gora na taɓo ƙasa tun ba ta jiƙe rabi ba.
Babana kan ce tuƙi ba shi ne aiki ba,
aikin a san inda jirgi zai kwana.

La'asar sakaliya muka kawo Mashigin Tsamiya,
inda tsoho ya ɗaura jirginsa shekara talatin.
Tsamiyar na nan. Gulbin ne ya yi ƙaura,
ya ja jiki ya koma gabas,
ya bar ta tsaye a tsakiyar tumatir
kamar tsohuwar da aka bar wa tsaron gida.
Ko igiya uku na haɗa, ba ta kai ba.

Gaba kaɗan ga gaɓa mai kyau, ruwa kwance,
sai dai injin ban-ruwa uku sun tsoma baki suna tari.
Mai garka ya ɗago hannu tun daga nesa:
"Kak ku tsaya nan! Tiyo na ƙasa.
Bara wani jirgi yaf fasa min shi,
har yau ban ga mai shi ba."
Na ce Allah ya ba da amfani. Ban ga laifinsa ba.

Nomau ya ce, "Baffa, mu kafa gora a yashi mana."
Yaro ke nan. Yaushe yashi ya riƙe amana?
In an buɗe dam da dare, ruwa bai yin sallama,
ka farka a Wamakko, ko kuwa ba ka farka ba.
In an rufe, jirgi ya durƙusa a taɓo
kamar saniyar da rani ya kayar.

Wajen masu haƙar yashi an ce ɗari biyar,
ga ramukan da suka bari, ruwa na juyi a kansu.
Na dubi kuɗin, na dubi juyin,
na tura gora.

Magariba. Balbelu na wucewa a jere,
kowace ta san reshenta.
Hannuna ya fara yi mini gardama,
sai ga hayaƙi bayan wata lanƙwasa,
ga tsoho zaune yana ɗinkin koma,
ga turaku huɗu, uku da jirage,
na huɗun ba kowa.
Kirya ce, baƙa wuluk, igiyoyi sun ci wuyanta har ya yi santsi.

Na ce, "Wannan fa, na wa?"
Bai ɗago ba. "Na wanda yaz zo.
Kakana yak kafa shi. Ko ambaliya aka yi,
jirgin gidan ga bai taɓa shi.
Ɗaura goshi nan, ka sako dutse ta baya,
ka bar wa igiya gaba biyu ta yi numfashi,
ruwa na tahowa kamin asalatu."

Arzika sunansa. Nawa bai tambaya ba
sai da na suɗe kwanon tuwo.
Na miƙa kuɗi, ya dube ni kamar na yi ashar,
ya zari albasa uku, ya ce miyar kifi na so.

Daren nan na ji jirgi na jan igiya, yana saki,
yana ja, yana saki, kamar jariri a nono.
Da asuba ruwa ya hau taki guda,
gaba biyun nan ta ƙare cif, buhu ko ɗaya bai jiƙe ba.

Da muka tura, na ji Nomau na ƙirga a baki:
"Lanƙwasa ta bakwai bayan Wurno, hannun dama."
Na bar shi ya haddace.
Ban gaya masa gulbi na tashi ba.